Aikin Hannu a Firamare: Darasin Shekara Guda da Kara da Yumɓu da Tsohuwar Takarda

A makarantun firamare da yawa na Arewa, idan ƙarshen zangon karatu ya matso, akan ga yara da safe tafe da sabuwar tsintsiya a hammata, wasu da mafici, wasu da sabulu ko 'yan kuɗi a dunƙule cikin hannu. An ce kowa ya kawo aikin hannu. Uwa ta aika kasuwa an sayo, malami ya karɓa ya ba da maki, an jibge tsintsiyoyin a ofishin hedimasta. Wadda ta yi aikin wata tsohuwa ce a ƙauye, yaron da aka ba makin kuwa ko tsinke ɗaya bai ɗaura ba.

Asarar da ke cikin wannan al'ada ta fi kuɗin tsintsiya nesa ba kusa ba. Yaron da ya murza yumɓu, ya fere kara, ya soka kaba cikin kaba, yatsunsa ne ke ƙarfi har su iya sarrafa fensir. Yana koyon awo da ƙidaya da haƙurin jiran abu ya bushe, yana kuma ganin cewa shi ma yana iya samar da abin da babu shi ɗazu. Manhajar ilimin matakin farko da hukumar NERDC ta tsara ta ware darasin al'adu da fasahar ƙirƙira tun daga aji ɗaya, kuma abin ba sabo ba ne a ƙasar nan: makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'i irin su dukanci da kafinta da ƙira.

Uzurin da aka fi ji shi ne babu kayan aiki kuma yara sun yi yawa. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun suna da mafita.

Bin shekara yadda take zuwa

Malamin da ke son darasin ya ɗore, da kalandar manomi yake fara shawara. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, yana faɗowa cikin kaka: karan gero ya samu tun farkon zangon, na dawa kuma wajen Nuwamba. Zango na biyu, daga Janairu zuwa Afrilu, rani ne, kududdufai sun janye sun bar yumɓu a fili, babu ruwan saman da zai narkar da abin da aka gina. Zango na uku yana haɗuwa da shigowar damina, lokacin da aikin cikin aji ya fi dacewa, wato saƙa da fenti da sarrafa tsofaffin takardun da suka taru a shekara.

A makon farko ake kafa ma'ajiya. Kwalaye huɗu ko biyar a kusurwar aji sun isa, kowanne da rubutu a jikinsa: murafen kwalba, bututun biro da ya ƙare, ƙyallayen da tela ya zubar, tsofaffin silifas, kwali da takarda. Abin da makaranta za ta saya kaɗan ne, kuma kwamitin gudanar da makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai za su iya ɗaukar nauyinsa: almakashi marasa tsini kamar goma, rula goma, robobin ruwa biyu, rariya ɗaya da sabulun wanke hannu.

Ajin da ke da yara tamanin ba ya koyuwa a dunƙule. A raba su rukuni goma na mutum takwas-takwas, kowane rukuni da shugabansa, da mai karɓo kaya, da mai kula da shara, a riƙa juya muƙaman kowane mako domin kowa ya ɗanɗana. Lokacin darasi ɗaya ba ya isa, saboda rabon kaya da wanke hannu kaɗai suna cinye rabinsa, don haka a nemi hedimasta ya haɗa darussa biyu a jere, zai fi kyau na ƙarshen yini. Idan da inuwar darbejiya a harabar makaranta, can ne wurin aikin yumɓu da na kara.

Akwai tsari guda da ke hana hayaniya. Malami ya fara nuna abin da aka gama, ya bari ya zagaya hannu-hannu. Sannan ya yi shi a gabansu sau ɗaya daga farko har ƙarshe, ya sake yi a hankali suna binsa mataki-mataki. Ba a raba kaya sai an gama nunawar farko, domin yaron da ke riƙe da curin yumɓu ya daina jin kowa.

Zangon farko: kara

Yaron karkara ya san motar kara tun kafin a sa shi makaranta. Aikin malami shi ne ya shigo da wannan sani cikin aji ya ɗora lissafi a kansa.

Ana zaɓen karan dawa busasshe, miƙaƙƙe, wanda ƙwari ba su huda ba. Kafin a shigo da dami cikin yara sai babba ya kwance shi ya kakkaɓe, saboda kunama na son maƙalewa a ciki. Malami ya yanka karan gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa tana ba da abu biyu: ɓawon waje mai ƙarfi da ake tsagawa siri-siri, da totuwar ciki mai laushi. Totuwa ita ce mahaɗa, tsagin ɓawo shi ne ƙusa, ana soka shi cikin totuwa ya kama ba tare da gam ba. Gefen ɓawon yana da kaifi sosai, yana yanka yatsa, saboda haka 'yan aji ɗaya da biyu a ba su wanda aka riga aka fere, manya kuma a koya musu su riƙa jan ɓawon yana nisantar jikinsu.

Darasin farko siffofi ne. Kowane yaro ya sami guntayen totuwa da tsagin ɓawo masu tsawo ɗaya, santimita 10, ya haɗa murabba'i ya kuma haɗa alwatika. Daga nan malami ya ce kowa ya danna kusurwar kowanne da yatsa. Murabba'in zai karkace, alwatikar za ta tsaya kyam. Ya tambaye su yadda za a hana murabba'in karkacewa, ya yi shiru ya ba su lokaci. Kusan kullum akan sami wanda zai gicciya tsinke daga kusurwa zuwa kusurwa, ya mayar da shi alwatika biyu. A nan ne malami zai ɗaga musu kai su dubi katakon rufin ajinsu, ko ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa, su ƙirga alwatika nawa kafinta ko mai walda ya sa.

Darasi na biyu da na uku na mota ne, kowane rukuni mota ɗaya. Ana yin shimfiɗar ƙasa da totuwa biyu masu tsawon santimita 20 da wasu biyu masu santimita 10. A ɗaura bututun biro biyu a gicciye a ƙarƙashi, ɗaya gaba ɗaya baya, a zura tsinken tsire ko siririn ice a cikin kowanne, ya zama sandar da ƙafafu za su juya a kai. Ƙafafun daga tsohon silifas ake yanko su: yaro ya kifa murfin gwangwani ya zana da'ira, malami ya yanke. Sai a nemo tsakiyar da'irar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a yanko irinta a takarda, a ninka biyu, a sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Ƙafar da aka huda a gefe za ta riƙa ɗingishi, yaran da kansu za su gano dalili.

Idan motoci sun kammala, a jingina katako a kan bulo ɗaya, a saki kowace mota daga sama ba tare da turawa ba, a auna nisan da ta yi da taku ko da igiyar da aka yi wa alamar mita. A rubuta sakamakon a allo, a ƙara bulo na biyu, a sake. Wadda ta fi nisa a juya ta a duba me ya bambanta ta da saura. Yaran da suka gama da wuri suna iya yin tabarau, gado, keke ko rumfar kasuwa.

Zango na biyu: yumɓu

Duk garin da ake gina tukunya akwai inda ake haƙo yumɓu, kuma masu ginin ne suka san shi. Malami ya tambaye su, ya tafi da manya a ɗebo, kada a tura yara bakin kududdufi ko cikin rami. A kuma nisanci ƙasar duk wurin da ake haƙar ma'adinai ko niƙa dutsen zinariya. Gubar dalma da ta bayyana a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ta hallaka yara fiye da 400, kuma ta ƙurar irin wannan dutse ta shiga jikinsu.

Ana farfasa busasshen yumɓu, a jiƙa shi a roba kwana biyu, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a tsiyaye ruwan sama-sama, a baza shi a kan buhu har ya daina manne wa hannu. Gwajinsa mai sauƙi ne. A murza shi ya yi kaurin ɗan yatsa, a naɗe a yatsa. Idan ya naɗu ba tsaga, ya yi. Idan ya kakkarye, yashi ya yi masa yawa. Idan kuma danƙo ya yi yawa har yana kama hannu, a ƙara masa ɗan yashi mai laushi ko dakakken tsingaro, wanda ke rage tsagewa wajen bushewa da gashi. Daga nan a cuɗa shi sosai domin iskar da ta maƙale a ciki ta fita, a ƙulle a leda har ranar aiki.

'Yan ƙananan aji da haruffa da lambobi za su fara. Yaron da ya murza yumɓu ya lanƙwasa shi ya zama b, ya juya shi ya zama d, ya ƙara masa lanƙwasa a kai ya zama ɓ ko ɗ, da wuya ya sake rikita su a littafi. Sai ƙaramin kasko: curi kamar girman lemun zaƙi, a nutsa babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsa gefen ana juyawa a tafin hannu har kaurin ya daidaita ko'ina, kamar santimita ɗaya.

Aikin da ya fi faranta wa 'yan aji huɗu zuwa shida rai shi ne asusu. Yaro ya yi kasko biyu masu faɗin baki ɗaya, ya bar su su ɗan sha iska. Ya karce bakin kowanne da tsinke, ya shafa ruwan yumɓu mai kauri, ya kifa ɗaya a kan ɗaya, ya murza siririn yumɓu ya bi mahaɗar da shi ya shafe. Wannan karcewa ita ce sirrin aikin, domin asusun da aka haɗa ba tare da ita ba yana rabewa biyu da ya bushe. Ya buga gindin a hankali a kan katako don ya zauna, malami ya tsaga masa baki daidai shigar takardar kuɗi a ninke, mai shi ya rubuta sunansa a ƙasa da tsinke, ya yi ado da haƙoran tsohon mataji ko totuwar masara.

Iskar hunturu tana busar da waje ta bar ciki da danshi, sai abu ya tsage. Don haka a inuwa ake shanya, a lulluɓe da leda sako-sako kwana biyun farko, a buɗe a bari ya cika mako guda ko fiye. Akwai gwaji ɗaya da ya cancanci a yi a nan: kowane rukuni ya shimfiɗa ɗan fallen yumɓu, ya ja layi mai santimita 10 daidai, a sake aunawa bayan ya bushe. Layin zai ragu, kuma tambayar ina sauran ya tafi ita ce darasin kimiyyar wannan makon.

Gashi aikin manya ne. Hanya mafi kyau ita ce a roƙi mai ginin tukwane ta haɗa kayan yaran cikin nata ranar da za ta gasa, a kai wakilan aji su kalla daga nesa. Abin da bai bushe sarai ba ba ya shiga wuta, saboda ruwan cikinsa zai zama tururi ya fasa shi har ya ɓata na kusa da shi.

A wasu garuruwa iyaye ba sa son a sa yara gina siffar mai rai. Babu buƙatar jayayya a kan haka, tunda tukunya da rumbu da murhu da tulu da haruffa sun isa cika zango. Ranar da aka fara darasin kuma malami ya zo da takardar naira 20 ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin a gida tun tana yarinya a ƙasar Gwari, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, ta nuna aikinta a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Zango na uku: launi da saƙa da takarda

Fentin kanti yana da tsada, amma almajiri kan yi tawadarsa da kansa. Da baƙin gawayi ko na gindin tukunya da ƙaro yake haɗa ta, kuma dabarar ke nan ta yin fentin aji. A jiƙa ƙaro awo ɗaya cikin ruwa awo biyu ya kwana, a tace da ƙyalle. Wannan ruwan shi ne ke riƙe launi a jikin takarda, shi ne kuma gam. Baƙi daga gawayin da aka daka aka tankaɗe, fari daga farar ƙasa ko guntayen alli, ja-ja daga jar ƙasa, rawaya daga gangamau, ja mai duhu daga zoɓon da aka tafasa da ruwa kaɗan. Kowane gari ana kwaɓa shi da ruwan ƙaro a murfin kwalba ko gindin robar ruwa da aka yanke. Abin shafawa kuwa gashin kaza ne, ko ɗanyen reshen darbejiya da aka daddaƙe bakinsa, ko ƙyalle da aka ɗaura a tsinke.

Zoɓo yana da abin mamaki da yara ba sa mantawa. A zuba shi a kofi uku. Na farko a bar shi yadda yake, na biyu a matsa masa lemun tsami, na uku a ɗiga masa ruwan kanwa. Mai lemun zai ƙara haske da ja, mai kanwar zai juye ya yi duhu ya nufi kore. Gangamau ma idan ya haɗu da kanwa ko sabulu yakan koma ja. Launi biyu sun zama biyar, kuma yaran sun ga bambancin abu mai tsami da mai kanwa shekaru kafin su gamu da shi a littafin sakandare.

Da wannan fenti ake buga zane. Kuɓewar da aka yanka a gicciye tana fitar da fure, ganyen mangwaro yana fitar da jijiyoyinsa, dankalin Hausa da malami ya sassaƙa yana fitar da duk siffar da aka so. A sa yara su jera su bisa tsari, biyu ja ɗaya baƙi, biyu ja ɗaya baƙi, su ci gaba da kansu. Manyan aji su kwaikwayi dagi da sauran zanen da ke jikin tsofaffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, ko wanda ke kan hular da ke kan malaminsu.

Saƙa da takarda ake fara ta. A ninka falle biyu, a tsattsaga daga wajen ninkin a bar santimita 2 a baki, a buɗe, a riƙa zura wasu tsagin masu wani launi, sama, ƙasa, sama, ƙasa, layi na gaba kuma a fara da ƙasa. Wanda hannunsa ya faɗa sai a ba shi kaba. Ana yayyafa mata ruwa a naɗe a danshin buhu tun daren jiya domin ta yi laushi, a tsaga ta faɗi ɗaya, a fara da 'yar shimfiɗar ɗora kofi kafin a kai ga mafici. A nan malami ba ya buƙatar ya zama gwani. Kusan kowace unguwa tana da mai saƙar tabarma ko faifai, kuma idan hedimasta ya je da kansa ya gaishe shi ya ce, Baba, yaranka muke so ka nuna wa, da wuya ya ƙi. A shimfiɗa masa tabarma, yara su gaishe shi yadda ya kamata, a sallame shi da abin goro.

Aikin ƙarshe na shekara shi ne dakakkiyar takarda. A tara tsofaffin takardun jarrabawa da jaridu, amma a tsaya a tantance su ɗaya bayan ɗaya, a ware duk wadda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. Sauran a yayyaga su da hannu ƙanana, a jiƙa kwana biyu, a daka a turmi, a matse ruwan da ƙyalle. A dama sitacin rogo ko fulawa, awo ɗaya cikin ruwa awo huɗu, babba ya dafa shi har ya yi kauri kamar kamu, a sa ɗan gishiri don rage fumfuna, a bar shi ya huce a cuɗa da takardar. A dama daidai na ranar, domin a lokacin zafi yana tsami cikin kwana biyu.

Da wannan ake gina taswirar Najeriya a kan falankin katako ko kwali mai kauri. A fara zana iyaka, a shimfiɗa dakakkiyar takardar da kauri kaɗan, a tayar da tudun Jos da tsaunukan Mambila, a ja kwarin kogin Kwara daga arewa maso yamma da na Binuwai daga gabas su haɗu a Lakwaja su gangara teku, a danna gurbin tafkin Chadi a kusurwar arewa maso gabas. Da damina takan ɗauki mako guda kafin ta bushe, kuma a ɗora ta inda ɓera da gara ba za su kai gare ta ba. Idan ta bushe a shafa launi, kowane rukuni ya kafa tsinke mai 'yar tuta a kan jiharsa da maƙwabtanta.

Abubuwan da ba sa shiga aji

Wuƙa da reza a hannun malami kaɗai suke zama, kuma ba a tsinto tsohuwar reza ko ƙusa mai tsatsa daga bola. Ba a amfani da galan ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fiya-fiya, ko an wanke ta. Ba a fasa tsohon batir don neman baƙi. Rinin kasuwa da ake haɗawa da soda yana ƙona fata da ido, ba na yara ba ne. Cikin 'ya'yan itatuwan da yara ke tsintowa don yin sarƙa ko ƙidaya, idon zakara da zurma da bini-da-zugu duk guba ne idan aka tauna, ruwan tumfafiya kuma yana illata ido. Ƙwallon dabino da na tsamiya da na magarya sun wadatar, su ma a kula kada 'yan aji ɗaya su cusa su a hanci ko kunne. Kowane darasi da wanke hannu da sabulu yake ƙarewa.

Kowa da rabonsa

A gida an raba sana'o'i, wannan na maza wancan na mata. A aji kuwa yarinya ta haɗa mota, yaro ya gina kasko, domin abin da ake nema shi ne horon hannu da tunani. Bahago a bar shi da hannunsa, a zaunar da shi a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannu ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Yaron da ba ya gani sosai yakan yi fice a yumɓu da saƙa, wanda ba ya ji kuma yana bin nunawa da ido fiye da kowa. Sau da yawa wanda ake yi wa kallon daƙiƙi a karatu shi ne rukuninsa ke dogara da shi a ranar aikin hannu, kuma malami mai lura yana amfani da wannan ya jawo shi cikin sauran darussa, ya sa shi ya auna, ya ƙirga, ya rubuta sunan abin da ya yi.

Kuskuren da malamai masu kirki suka fi yi shi ne karɓe aiki daga hannun yaro su gyara masa. Asusun da ya karkace amma na yaron ne ya fi amfani gare shi a kan kyakkyawan da malam ya ƙarasa. Idan abu ya lalace, tambaya ta fi gyara: me kake gani ya sa ya tsage, me za ka canza in ka sake?

Ba da maki da baje koli

Doka ɗaya ce ke kashe sayen tsintsiya a kasuwa: abin da aka yi a makaranta a gaban malami shi kaɗai ke samun maki. A sanar da iyaye wannan tun taron farkon shekara, a kuma gaya musu ba za a nemi kuɗi a madadinsa ba. Makin ana iya raba shi gida huɗu daidai: bin matakai, kammala aiki, haɗin kai da tsaftar wuri, sai bayanin da yaro zai yi da bakinsa na yadda ya yi abin da dalilin da ya sa. Da wannan rabo, mai ƙoƙarin da hannunsa bai faɗa ba tukuna ba zai tashi a tutar babu ba. Malami ya riƙe littafi guda yana sa alama a kowane mako, kada ya jira ƙarshen zango lokacin da ya manta wa ya yi me.

Ranar ba da sakamako a jera benci a inuwa, a baje motoci da asusu da mafitai da taswira, kowanne da sunan mai shi da ajinsa. A gayyaci iyaye da mai unguwa da masu sana'ar da suka taimaka, a tsayar da yaro ɗaya daga kowane rukuni ya yi bayani. Bayan taro kowa ya tafi gida da nasa, makaranta ta riƙe biyu ko uku daga kowane iri don nuna wa 'yan baya. Kafin a rufe aji a ƙirga almakashi da rula a kulle, a zubar da ragowar sitaci, a busar da yumɓun da ya rage a zuba a buhu, a kuma rubuta wa malamin da zai karɓi ajin inda aka samo yumɓu da sunan unguwar mai kaba.